Sifili Ma Ƙidaya Ce

Ni ne yaron da ake turawa gonar shinkafa
tun raɓa ba ta bar ciyawa ba,
gwangwani a igiya, danƙo a wuya,
ina ihu har murya ta dishe.
Karatuna a kan tsuntsu layi ɗaya ne:
ɓarawo ne, a kore shi,
in ya faɗo, a nemo kara a hau gasawa.

Bana na cika arba'in da bakwai.
Uwani, 'yar yayata, ta zo hutu daga Dutse,
ta karɓi wayata mai tsagaggen gilashi
ta zuba mata wata manhaja.
Ta ce, Kawu, in ka gani ka ɗauka ka tura,
akwai masu haɗa lissafin abin da ya rage a dawa.

Na ce wa ya rasa aikin yi
har zai zauna ƙirga kirinjijiya?
Ta ce ai ta riga ta sayi data.
Ni kuwa ba na son asara. Na nufi bakin ruwa.

Hoton farko babban yatsana ne.
Na biyu, kacalla da rabin fiffike.
A na tara ya tsaya mini,
fari, baƙin kai, baki kamar lauje.
Waya ta kawo suna wanda ya fi tsuntsun tsawo,
na kai wa Gwadabe mai koma,
ya matso da ita dab da idonsa mai yana
ya ce, wannan ai jinjimi ne,
su waye ba su san shi ba, da har suke tambayowa?

Tun ran nan muka raba aiki.
Ni ɗauka, shi raɗin suna,
Uwani ta nuna min gurbin da ake rubutawa.
Zalɓe. Ɗinya. Ragon maza.
Carki a gadon bayan bijimin Ja'e.
Wani ɗan mitsitsi a kan ganyen bado,
Gwadabe ya daɗe shiru, ya ce ya san shi, sunan ne ya gudu.
Kwana uku, tsakar dare, sai ga shi yana buga min ƙyaure:
ya tuno, yana tsoron kafin safiya ya sake mantawa.

Sabis ba ya sauka garinmu.
Sai na hau jigawar bayan makaranta
in ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa.

Wata rana wani ya ba ni amsa,
ban san garinsu ba, ban san ko yana cin tuwo ba.
Uwani ta karanta min ta waya:
wai ba wanda na zata ba ne, ɗan'uwansa ne,
in duba launin ƙafa.
Na ji haushi. Na koma. Na duba.
Da gaskiyarsa.
Wai kuma daga can wajensu tsuntsun yake zuwa,
ashe baƙo na yi shekaru ina jifa
ban taɓa yi masa sannu da zuwa ba, balle gaisuwa.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai.
Ina yaro, ranar kasuwar Kirikasamma,
ungulu sun fi mahauta yawa a mayanka,
sai ka ture su da ƙafa kafin ka wuce.
Sati shida ke nan ina zama a wajen, waya a hannu.
Ƙuda. Kare. Hankaka biyu.
Na ce, Uwani, yaya ake ɗaukar hoton abin da babu?
Ta ce, rubuta ranar, rubuta wurin, ka sa sifili,
shi ma ƙidaya ce, Kawu, kar ka bar gurbin haka nan.
Na sa.
Hannuna bai so ba, amma ya yi turawa.

Jan-baki dai har gobe ina korarsu,
shinkafa ba ta san kimiyya ba.
Sai dai yanzu kafin in kaɗa gwangwani
nakan ɗan tsaya, in kimanta yawansu,
su ci loma ɗaya a bakin lissafi.
Gwadabe na cewa na lalace.
Jiya kuma shi ya fara hango su, ya ƙwala min kira:
kai mai waya, yi maza, ga shamuwa!