Kantin da Ba Shi da Ƙofa

Kantina yana cikin aljihuna,
batir ya mutu, kanti ya rufe.
Takalman da nake tallatawa a Yamai
ban taɓa shinshina fatarsu ba,
suna can kwance a wani sito a Sin.

Jiya na rubuta: "Saura uku!"
Uku cikin nawa? Allah masani.
Kafin la'asar Zalika ta Talaje
ta turo jaka goma sha biyu,
wai ko za su iso kafin sunan ɗan yayarta.
Na ce in sha Allahu. Jirgi bai ji ba.

A ofishin lanho Malam Tanimun
ya gyara tabarau: "Patantin wane titi?"
Na aza salula bisa teburinsa.
Ya juya ta kamar kifin jiya,
ya nuna tambarin gefen takalmi:
"Wannan fa, wa ya ba ka izini?"
Fanka kaɗai ta amsa.

Da dare na goge "saura uku",
na sa: "Kwana ashirin, in duwan ta saki."
Mutum biyu suka janye.
Zalika ta ce a ƙara mata lamba arba'in.