Tambaya Ta Huɗu

An ɗauke wuta tun magariba a Kongo,
na kunna 'yar fitila ina duba takardun ɗalibaina.
Tambaya ta huɗu, da hannuna na ƙago ta:
wata jam'iyya ta ce, ku zaɓe mu sau ɗaya tak,
in mun hau sai mu ƙone akwati,
wanda bai yi kama da mu ba ya tattara ya bar gari.
Shin doka za ta bar ta ta tsaya takara?

Yahuza ya cika shafi uku, har biro na huda takarda:
"A soke ta yau, a garƙame ofishinta,
maganin kada a yi, kada a soma."
Na rubuta masa a gefe da ja:
Wa zai riƙe makullin, Yahuza?
Wanda ke kan kujera?
Yau ya kulle masu ɗauke da fetur,
gobe ya kulle masu ɗauke da fitila.
Garin gyaran gira an sha rasa ido.

Barira rabin shafi ta yi,
rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa:
"Baki na mai shi ne, taro kuma 'yanci.
A bar su, ranar zaɓe jama'a ta yi musu alƙalanci."
Na so amsar nan, wallahi na so ta.
Sai na tuna Jatau tela na Tudun Wada,
shekarar da lasifika ta kwana tana kiran wasu baƙi a garinsu.
Da safe na ga keken ɗinkinsa kwance a kwata.
Shaddar da ya yanka mini bai ɗinka ba
tana ƙasan akwatina har yau,
da alli a jikinta, awon kafaɗata.

Abin da na koya musu ba mai daɗin haddacewa ba ne.
Doka ba ta kama ra'ayi don ɗacinsa.
Amma ba ta ara wa mutum tsani
ya hau katanga ya janye shi ya bar mu a ƙasa.
Sai ta tambaya: ina hujja?
Wutar ta kama ne, ko ana zancen hayaƙi?
Babu magani mai sauƙi kafin a kai ga wuƙa?
A kai su gaban alƙali, ba gaban abokin hamayya ba,
a ba su lauya, a ji ta bakinsu,
su da suka rantse ba za su ji ta namu ba.
Sannan a auna hukunci da mudun laifin, kada a yi tozo.

Kullum ta Ƙofar Doka nake komawa gida.
Waɗanda suka gina ganuwa sun bar mata ƙofa,
sun san garin da ba mashiga kurkuku ne,
wanda ba katanga kuwa kiwon kura.

Na ba Yahuza sha ɗaya, na ba Barira sha biyu.
Takarda ta ƙarshe ta wani Marwanu ce,
layi guda ya yi, ya bar sauran fili:
"Malam, duka biyun tsoro suke ba ni."

Fitila ta fara lumshewa.
Na daɗe riƙe da jan biro a sama.