Bugu Biyu

A Kuhmo hunturu ba baƙo ba ne, mai gida ne.
Tafki kan daskare har mota ta bi ta kai.
Nan babana Torsti ya share ƙanƙara,
ya ce ga filin jirginsa.

Daga tsohon babur ɗin ƙanƙara ya ciro injin,
bai kai nauyin ɗan maraƙi ba.
Ya ɗaura masa farfelar katako,
fukafukan yadi, ƙasusuwan alminiyam,
da kujerar roba daga kicin ɗin Aune, uwata.

Ni ce mai dama masa abinci:
fetur hamsin, man inji ɗaya,
in yi ta girgiza jarka har kafaɗa ta sage.
"In kika manta ɗayan nan, Sirkku,
hamsin ɗin sun tashi a banza."

Bugu biyu, ba hutu tsakani,
sama ya matse, ƙasa ya fashe,
shaƙa da fesarwa a numfashi guda,
kamar mai gudu yana ba da labari.
Kukan zuma cikin gwangwani,
shuɗin hayaƙi mai kwana a gashi.

Ya ce irin wannan ba ya sallama.
Mai bugu huɗu zai yi tari, ya yi mita;
wannan yana tsakiyar magana yake yin shiru.

Wata Laraba, bisa itatuwan tsibiri, ya yi.

Na ji hankaka.
Na ji haushin kare can ƙetare.
Na ji iska na fito a wayoyin fiffike,
jirgin na gangarowa sannu
kamar takardar da aka saki daga bene.

Ya sauka, ya ja layi biyu a farin tafki.
Bai dube ni ba. Ya cire safar hannu da haƙori,
ya kwance fulogi, ya ɗaga shi ga rana:
fari fat.
"Launin gahawa ya kamata.
Sanyi ya ƙara masa iska, ni ban ƙara mai ba.
Yunwa ce. Laifina."

Muka ja shi gida, shi a igiya, ni a wutsiya.
Sai a bakin ƙofa na lura
sifana na rawa a hannunsa.

Aune ta leƙo, ta dubi jirgin, ta dube shi,
ta ce tana son kujerarta.
Ya ce, "Bari ƙanƙara ta narke tukuna."