Tulun Asabe

Ranar Laraba, bayan la'asar,
Asabe 'yar Barau Kuku ta taso daga Tudun Wada
da abu naɗe cikin tsohon zane,
ta ajiye bakin maƙerata kamar mai kwantar da jariri.
Ta ce, "Yoyo yake. Gindin ya tsage."

Na kwance. Tulun fure ne, siriri, bai kai kamu ba,
launinsa na hadarin da ya haɗu bai zubo ba.
Na ƙwanƙwasa da farce.
Bai yi kururuwa irin ta tagulla ba,
ya amsa can ƙasa-ƙasa,
kamar dattijon da aka tasa daga gyangyaɗi.
Kuza ce, da ɗan gauraye.

Ubanta ya yi wa wani Baturen reluwe girki shekara sha tara.
Ran tafiya, Bature ya ba shi wannan da hular sanyi.
Asu ya cinye hular.
Tulun ya riƙe allurai, ya riƙe kuɗin adashi,
bai ga fure ba sai bana,
da jikarta ta tsinko masa a bakin Kubanni.
Ruwa kuwa ya tona asirin tsagar.

Kai da ka zana wannan, ban san ka ba.
Sunanka na gindi, haruffa uku,
biyu sun shafe, na ukun ya koma kamar ƙugiya.
Amma hannu ya san hannu.
Wuyan zalɓe ka ba shi,
ka naɗe cikinsa da ganyen bado,
ko wane ganye da tasa karkata, babu mai kwaikwayon ɗan'uwansa.
A ƙarƙashin mariƙi, inda ido ba ya zuwa,
ka ɓoye ɗan kwaɗo, ya kumbura kumatu.
Wa ka yi wa shi?
Mai kanti bai biya ka kuɗin kwaɗo ba.
Asabe shekara sittin tana goge tulun nan, ba ta taɓa ganinsa ba.
Da na nuna mata, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Akwai wani lotso gefen ganye na huɗu.
Na ɗauka faɗuwa ce.
Na sa babban yatsana, ya zauna daram.
Ashe nan ka danna tun abin yana kaki,
masu zubi suka zuba har da yatsanka.

Kakana ya ce a gabansa taragon kuza ke wucewa ta tashar nan,
daga duwatsun Jos, buhu kan buhu.
Ban ce wannan daga ciki take ba.
Na dai riƙe ta na ce, sannu da hanya.

Sallau ya kama zuga-zugi da ƙarfin ƙuruciya.
Na ce, sassauta, yaro.
Baƙin ƙarfe sai da duka, kuza sai da lallashi.
Wuta kaɗan ta ishe ta,
ka ƙara ƙiris, aikin wani ya zama ruwa a toka.
Na riƙe numfashi na ja layin lic, siriri kamar zaren gizo,
ban sake shi ba sai da ladanin Kwarbai ya ɗaga murya.

Asabe ta ce a wanke mata shi ya yi ƙyalli.
Na ce wannan duhun shekaru ne suka saƙa,
ba ni da hurumin tuɓe masa riga.
Ta ce to a rage mata kuɗi.
Na rage.

Mun zuba ruwa, mun jira. Ƙasa ta zauna a bushe.
Ɗinkina na nan fari a gindi, kusa da ƙugiyarka,
zai ɗauki shekaru kafin ya yi duhu ya saje.
Ban sa sunana ba.
In wani maƙeri ya juya shi wata rana,
ya ga kwaɗon tukuna.