Ni Ce Hannunsa

A Valparaiso, inda gidaje ke hawan dutse kamar awaki,
babanmu na gyara wa matuƙan jirgin ruwa agogo.
Eliseo, ɗan shekara shida, yana ƙarƙashin tebur
tsakanin takalman masu shaɗaranji.
Ba wanda ya koya masa.
Ran nan wani kyaftin mai jan gemu ya kai hannu ga doki,
sai murya ta fito daga ƙasa:
"Bar shi nan, giwarka za ta faɗi."
Aka yi dariya.
Giwar ta faɗi.

Yana da tara ya cinye likitan kwastan,
ya cinye fadan cocinmu sau uku kafin shayi ya huce.
Fada ya goge tabarau, ya ce,
"Hakin da na raina ne."

A sha biyu suka ɗaure masa ido da baƙin gyalen inna.
Alluna takwas, maza takwas, hayaƙin taba har rufi.
Shi yana faɗa, ni ina turawa.
Ni ce hannunsa,
yarinya mai faci a gwiwar safa
tana yawo tsakanin tebura da sarakuna a tafinta.

Na tuna allo na biyar, na Don Casimiro mai banki.
Eliseo ya ce, "Ba shi sarauniya."
Na tsaya. Ya ce, "Ba shi."
Na ajiye ta a bakin kura, yatsuna na rawa.
Mutumin ya ɗauke ta yana murza gashin baki,
bai ga ɗan dakaren da ke rarrafe a gefe ba.
Taku shida, dara ta ci gida.
Ya biya, bai yi sallama ba.

Abin da jaridu ba su rubuta ba:
yayana ya daina barci.
Daɓen kicin ya zame masa allo,
sai ya ƙetare shi a karkace, kamar giwa.
Idan inna ta kira shi, ya riga ya san
abin da za ta ce, da amsarsa, da kukanta.

A sha tara ya zuba su duka a gwangwanin biskit,
ya kama aikin ƙirga buhuna a tashar ruwa.
Masu hula suka zo da tikitin Turai.
Ya ba su kujera, ya ba su ruwa, suka tafi.

Wasa ɗaya ya bari a raye,
ta wasiƙa, da wani mai sayar da magani a Hamburg, Tiedemann.
Kowane taku sai ya haye teku.
Shekara goma sha ɗaya suna yi,
allon na kan kabad, ni ke share masa ƙura
ba tare da na gusar da kowa ba.

Daren da ƙasa ta girgiza
bangon sito ya same shi yana ɗauke da fitila.
A gida kwanuka sun tarwatse, agogunan baba sun tsaya,
amma a allon, doki ɗaya ne kawai ya kwanta.
Na san gidansa. Na mayar da shi.

Bayan wata huɗu ambulan ta iso,
tana ƙanshin kafur:
hasumiya ta sauko layi na bakwai.
Kwana uku ina zaune gabanta.
Ba muryar da za ta ce min, "Tura."
Na tura dakare.
Na sa hannu: E. Barahona.
Ban yi ƙarya ba, sunana Eufemia.

Amsa ta zo da sanyin hunturu.
A ƙasan takunsa tsohon ya ƙara layi biyu:
"Wannan ba shi ba ne. Shi ba ya haƙuri haka.
Ko ke wace ce, ko kai wane ne, taku naka ne."