Ƙulli Cikin Ƙulli

Ƙarfe biyun dare a Aboabo.
An ɗauke wuta tun isha, fanka ta yi shiru,
saura ni da batir mai kashi talatin da ɗaya
da jerin da asibiti ke jira da safe.

Jeri ne mai ciki.
Ka buɗe unguwa, ka tarar da gidaje,
ka buɗe gida, ka tarar da ɗakuna,
ka buɗe ɗaki, sai ga wani ɗakin
da aka yanka da labule aka ba ɗan haya.
Wanda ya tattaro bayanan bai yi ƙarya ba,
haka zango yake.

Kakata Adiza ta yi shekara arba'in tana sayar da goro a Alabar.
Kuɗinta ba ya kwana a fili:
sidi a cikin leda, leda a cikin tsumma,
tsumma a cikin lalita, lalita a ƙarƙashin zane.
In jika ya zo neman na koko
sai ta zauna ta hau kwancewa,
ba ta tambayar ƙulli nawa ya rage.
Wannan ƙulli ne? Kwance.
Wannan kuɗi ne? Ajiye a cinya.

Abin da na rubuta wa R ke nan, layi shida:
duba abin da ke hannunka,
in jeri ne, kira kanka, ka shiga,
in ba jeri ba ne, ka iso, miƙo shi waje.
Karon farko na mance layin tsayawa.
Aikin ya yi ta kiran kansa
kamar mai rafka sallama a bakin rijiya,
har injin ya ce zurfin ya isa haka.

Na gyara. Na danna.
Sai ga zango duka a baje kamar shanya a tabarma,
kowa da sunansa mai jela:
Aboabo, ɗigo, gidan Baba Sumaila, ɗigo,
ɗaki na uku, ɗigo, Barikisu,
wata tara, allura biyu, saura ɗaya.
Ko ranar suna ba a jero mata asali haka ba.

Amma lissafi ya ƙi.
Ɗaki ɗari huɗu da sha biyu na shiga da su,
ɗari huɗu da sha ɗaya suka fito.

Na koma da ƙafa, ƙulli bayan ƙulli,
sauro na taya ni karatu a hasken allo.
Gidan Maman Fuseina, ɗakin ƙarshe, kusa da famfo.
Mai tattarawa ya bar gurbin fayau.
Shi kuwa injin, in ya kwance tsumma bai ga kome ba,
yar da shi yake yi, ko uffan.

Na san ɗakin.
Na Tahiru ne, tela mai ɗinkin aljihu biyu,
wanda ya hau mota a Kejetia damina uku da suka wuce,
ya ce in ya ƙetare hamada zai kira.
Uwarsa na share ɗakin kowace Juma'a.
An yi mata tayin sidi ɗari uku a wata,
ta ce ai da mai shi.

Na ƙara layi na bakwai:
in ka tarar da wofi, kada ka wuce,
rubuta sunan wurin,
ka sa ba a sani ba.

Ɗari huɗu da sha biyu.
Batir kashi huɗu.
Ladan na gyaran murya a masallacin layinmu,
mai wake da shinkafa ta bakin kwata ta hura wuta.
Na rufe allo, Kaka ta faɗo mini a rai:
in ta gama ba ka na kokon,
tsumman da ba kome a ciki ma
ninke shi take yi,
ta mayar cikin lalita.