Sauyin Miya

Naira ɗari biyu na miƙa wa Sagiru
a 'yar rumfarsa ta Sabon Gari,
na ce, "Tura mini na Indiya, mai fassara,
wanda jarumi zai watsa goma da hannu guda."
Ya leƙo ta saman kwamfuta, ya ce,
"Baba Ilu, shekara nawa kana kan miya ɗaya?
Yau dai sai ka ɗanɗana wata."

Na dawo Kwarbai, na idar da lisha,
na jingina waya da gwangwanin zare.
Rigar Alhaji Mantau na kan cinyata,
saura aska uku ban cike ba.

Ba rawa, ba kiɗa, ba gudu a cikin furanni.
Wata tsohuwa ce, can ƙasar Japan,
tana wanke shinkafa.
Ta tsiyaye, ta ƙara ruwa, ta tsiyaye.
Na ɗauka wayar ce ta maƙale,
har na ƙwanƙwasa ta da yatsa.
Ashe ruwan na gudu, ni ne na ƙagu.

Rubutun ƙasa kuwa, na Turanci,
wucewa yake kamar ɗan acaɓa a Kwangila,
in na cafko kai, wutsiya ta kuɓuce.
Firamarena ta yi iyakar yinta, ta gaji,
sai na koma karatun fuska.

Ta jera kwano biyu, ita kaɗai a ɗaki.
A nan allura ta soke ni.
Tun da Barira ta koma ga Mai ita
kofi biyu nake ɗaurayewa da asuba,
sai na tuna, in mai da ɗaya kan kanta.
Wa ya kai wa mutanen nan labarina?

Har aka tashi ba a mari kowa ba.
Jirgin ƙasa ya zo, bai sauke kowa ba.
Ta cinye nata, ta rufe ɗayan da faifai,
ko abin da suke kira faifai a can.

Da hantsi na koma.
"Sagiru, to wa ya yi nasara?"
"Babu."
"Ina bos ɗin?"
"Babu."
Na yi shiru, na laluba aljihu. "Ƙaro."

Ya ba ni na Koriya, wa da ƙane kan bashin uba,
sun dama kuka da dariya a ƙwarya ɗaya,
ban san wanda na fara sha ba.
Ya ba ni na Iran, mai gasa burodi da maƙwabci,
wata guda suna jayayya kan tsagar katanga.
Na ji sallama a bakinsu, na ji sun ce dunya,
na kusa amsa musu.
Na Tailan, gaskiya, barci ya sace ni.
Na farka ruwa bai ɗauke ba,
mutumin na nan zaune inda na bar shi.

A majalisa Malam Tukur na ce mini
mai kallon fim ɗin kurame.
Na ce, "In za ka fara, Malam,
bar hanzarinka a bakin ƙofa tare da takalmi.
Ɗinkin keke ka saba,
wannan na hannu ne, sai ka matso kusa."
Ya ce a ba shi mai faɗa. Na kyale shi.

Rigar ta makara da mako biyu.
Alhaji ya shimfiɗa ta, ya bi ta da yatsa,
ya tsaya a gefen aljihu,
inda na bar fili kamar tafin hannu, ba zare.
Ya ce, "Nan fa? Mantuwa ka yi?"
Na ce, "A'a. Nan ido zai zauna ya huta."
Ya jima yana duba,
ya rage mini ɗari biyar,
amma da ita ya je Juma'a.